Neman ɗaki a Harobanda, daga Agusta zuwa Oktoba

Lahadi, 17 ga Agusta 2025, Tawa

Bayan la'asar Inna ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta kwance bakin zane, muka ƙirga. Kuɗin ragon da ta shekara tana kiwo, da na akuya biyu, da abin da Yaya ya aiko daga Abijan, da ɗan abin da Baba ya cire daga cinikin albasa, duka jaka 160 (jaka ɗaya sefa 1,000 ce). Da su zan kama ɗaki a Yamai, in sayi katifa da tukunya, in ci abinci har Oktoba, lokacin da Yaya ya yi alkawarin fara aiko mini jaka 40 duk wata. Zan nemi tallafin karatu na ANAB, hukumar da ke ba ɗalibai tallafi, amma ban sa shi a lissafi ba, don abin da bai zo hannu ba ba a raba shi.

Na samu BAK, shaidar kammala sakandare, a watan Yuli, sashen D na kimiyya, kuma likitanci nake nema a Jami'ar Abdou Moumouni. Abokaina da suka zaɓi shari'a suna nan gida, Jami'ar Djibo Hamani na kusa da su, za su kwana a ɗakin da suka saba. Ni da wani abokina ɗan ajinmu ne za mu tafi, kuma mun yi shawarar kama ɗaki ɗaya mu raba kuɗin. Shi yana taya mahaifinsa aikin gona sai an yanke gero, saboda haka neman ya faɗo kaina. Iyakarmu jaka 20 a wata.

Na so in jira ƙarshen Satumba. Inna ce ta hana. Ta ce, "Tahi yanzu da damina. Gida ba ya iya ɓoye halinsa in ruwa na sauka."

Laraba, 20 ga Agusta, Yamai

Motar ta tashi tun kafin kiran asuba, a hanya muka yi salla. Badagishiri, Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, kilomita wajen 550, gero kore shar dama da hagu. Na sauka gidan Kawu a Lazare. Ɗaki biyu ne da rumfa, shi da matarsa da yara biyar, ni da babban ɗansa muka raba katifa a rumfar. Kafin in gama cin tuwo Kawu ya ce, "Wane ɗaki kuma za ka nema? Ga gida." Na yi godiya, ban musa masa ba.

Alhamis, 21 ga Agusta

Na fita ƙarfe shida da rabi kamar mai zuwa darasi, don in ga abin da hanyar ke ci. Taksi ɗaya zuwa cikin gari, wani kuma zuwa Harobanda, hayin kogi inda jami'a take, kowanne sefa 300. Na biyun ya maƙale a bakin gadar Kenedi, motoci da babura da manyan motoci duk sun cuɗe, sai na sauka na taka da ƙafa. Gadar ta fi mita 700, tun 1970 take tsaye. An yi ta biyu a 2011 da ta uku a 2021, amma ga ɗalibi wannan ce ƙofar makaranta. A kanta aka harbe ɗalibai uku ranar 9 ga Fabrairu 1990, labarin da muke ji duk shekara tun muna koleji. Ban san zan ji wani abu a ƙirjina ba sai da na kai tsakiyarta na tsaya. Ƙarƙashina kogin Isa ya cika, ruwan ja wur kamar an dama jar ƙasa. Mu da muka tashi a Adar, inda tabki ke ƙafewa kafin bazara, ruwa mai yawa haka yana sa mutum ya yi shiru.

Takwas saura kwata na shiga jami'a. An fara ta a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992, shekara ɗaya bayan rasuwarsa. Ɗan Tasawa ne, masanin kimiyya da ya ƙarar da rayuwarsa a kan amfani da hasken rana. Na zaga tsangayar kiwon lafiya, na leƙa asibitin Lamorde daga waje, sannan na tambayi inda ƴan Tawa suke zama. Aka kai ni wata rumfa daga cikin waɗanda ɗalibai ke kira ambasad, inda ƴan yanki ɗaya ke taruwa. Sun karɓe ni hannu biyu, har da shayi. Wani da ke shekara ta huɗu ya yi mini bayani ba ɓoye-ɓoye: a cike takardar neman gado a ɗakunan kwanan ɗalibai, amma masu nema sun ninka gadajen, sabon shiga kada ya dogara da shi kaɗai. Ya ce in na rasa wuri tabarma ba ta gagara a wajensu.

Da dare na yi lissafi a gaban Kawu. Taksi huɗu a yini sefa 1,200, kwana 25 jaka 30. Ko da na riƙa samun motar ɗalibai wasu ranakun, awa biyu da rabi na tafiya a kan hanya kullum, ga shi a rumfar nan ba inda zan kunna fitila in yi karatu ba tare da na hana yara barci ba. Na ce, "Kawu, ba gidanku nake gudu ba, gadar nake gudu." Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce to, amma kada in ba kowa ko dala sai ya gani da idonsa.

Litinin, 25 ga Agusta

Na fara da dillali, wanda a nan ake ce wa demarshe. Na same shi zaune kan babur a gindin dogon yaro, da wayoyi biyu. Kafin ya tada babur sai da na ba shi jaka 2 kuɗin gani, in kuma na kama ɗaki la'adarsa rabin hayar wata.

Yau na koyi harshen hayar Yamai. Antire-kushe shi ne ɗaki ƙwaya ɗaya, ka shiga ka kwanta. Shambur-salon ciki da falo. Selibateriyom jerin ɗakuna ne a tsakar gida ɗaya, bayi ɗaya, famfo ɗaya. Gini kuma ko na ƙasa, ko na ƙasa da aka shafe da siminti, ko na bulo zalla, kowanne da farashinsa. Sai abans, hayar da ake biya gaba, da kosiyon, kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna. Duk inda muka je wata uku ne mafi ƙanƙanta, wani ma ya ce shida.

Ɗaki huɗu muka gani. Na farko ba taga, ko ƙarama, na tsaya minti biyu a ciki zufa ta karyo mini, yanzu ma da damina ke nan, ina ga watan Afrilu. Na biyu ƴan haya goma sha ɗaya ne a kan mitar wuta ɗaya, kuma ina tsaye wata mata ta fara ƙorafin cewa mai firiji da mai ƙwan fitila ɗaya kuɗinsu ɗaya. Na uku da na huɗu suna da kyau, jaka 30 da jaka 35.

Alhamis, 28 ga Agusta

Jiya da dare an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe dillalin ya kira, wai ya samo mini abin da nake so, kusa da makaranta, jaka 15 kacal.

Babur bai iya shiga lungun ba, muka naɗe wando muka bi gefen katanga. Ɗakin kuwa ya burge ni. Sabon fenti shuɗi, daɓen siminti, taga biyu, ƙofar ƙarfe, kuma daga bakin gidan ina hango bishiyoyin jami'a, tafiyar minti goma ba ta cika ba. Har na fara tsara inda zan ajiye katifa. Sai na zaga bayan ɗakin don in ga ko kwanon yana da indararo, a nan na ga bangon da ba a yi wa fenti ba. Wani layi ne ya ratsa shi miƙe daga wannan kusurwa zuwa waccan, daidai ƙuguna. Ƙasan layin siminti ya yi duhu yana marmashewa, samansa fari. Na sa yatsa na danna, ya zubo kamar gari. Na dubi katangar maƙwabta, layin ya ci gaba a kanta a tsayi ɗaya, ya haye sandar wuta ma.

Na tambayi dillalin, ya ce tsohon abu ne. Wani dattijo da ke gyaran taru a ƙofar gidansa ya ji mu, ya yafito ni. Bazabarme ne, Hausarsa kuma sarai. Ya ce layin na 2020 ne, farkon Satumba, da kogin ya kai wajen mita 7 ya fasa madatsar Lamorde, ruwa ya shiga unguwa, a kwalekwale aka riƙa kwashe mutane. Kafin nan ma an yi a 2012. Ya ce kogin nan sau biyu yake cika a shekara. Akwai jan ruwa, na yanzu, wanda rafukan Sirba da Dargol da Gorwal ke kawowa daga wajen Burkina Faso in an yi ruwa mai yawa, shi ne mai zuwa ba sallama. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga Gine ya ratso Mali a hankali, ya iso Yamai wajen Janairu, lokacin sanyi. "Baƙin muna ganin zuwansa," in ji shi. "Jan ne ke tashinmu tsakar dare." Ya ƙara da cewa an gyara madatsar bayan haka, shi kuma ba inda za shi, a nan aka haife shi. "Amma kai, ɗana, baƙo ne, ba ka da kwalekwale, ba ka da gidan ɗan'uwa a tudu nan kusa. Littattafanka kawai gare ka."

Na daɗe a tsaye. Jaka 15, minti goma. Zuciyata ta yi ta kawo mini dalili: shekara biyar ke nan ruwa bai kai wannan layi ba, da yawa daga ɗalibai a irin unguwannin nan suke, kuma mutanen da ke zaune a nan ba su fi ni rashin hankali ba, wurin da suke iya biya ne. Duk gaskiya ne. Amma na tuna ragon Inna, na tuna karatun likita ba na shekara biyu ba ne, damina bakwai ko takwas zan yi a garin nan. Na ce wa dillalin a'a. Ya ji haushi, ya ce zan nemi irinsa in rasa. Mai yiwuwa ne.

Asabar, 30 ga Agusta

Kirkisoye. Ɗakin ba laifi, amma bayansa gonakin shinkafa ne, kuma tun kafin magariba sauro ya fara yi mini kuka a kunne. Gidan ba famfo, sai an sayi ruwa wajen ƴan garuwa. Na wuce. Yanzu duk gidan da na shiga bayansa nake fara zagawa, sannan in ɗaga kai in nemi haske a jikin kwano, sannan bayi.

Talata, 2 ga Satumba

Yau na samu wanda ya cika duk sharuɗɗana a Karaje, a kan ɗan tudu, jaka 20, famfo a tsakar gida. Alhajin ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaya ko ina da iyali. Na ce ɗalibi ne, mu biyu ne. Ya girgiza kai. Ya ce ba ya ba tuzurai haya, gidansa akwai matan aure da ƴan mata, kuma waɗanda ya taɓa ba wa sun mayar masa da ƙofar gida fada, shayi da kiɗa har biyun dare, su biyu suka kama, kafin wata uku sun zama bakwai.

Abin ya yi mini ciwo, domin laifin wasu aka ɗora mini. Na ce, "Alhaji, ku gwada mu wata ɗaya." Ya ce, "Yaro, ban san ka ba, ban san wanda ya san ka ba." Ban samu abin cewa ba. A hanya na yi ta juya maganar, na ga ba wulaƙanci ya yi mini ba. Da Baba ne wani baƙo ya zo masa haka a Tawa, tambayar da zai yi ke nan.

Asabar, 6 ga Satumba

Na yi asarar jaka 10, kuma zan rubuta yadda aka yi dalla-dalla.

Wani ya sa hoton ɗaki a wani zauren WhatsApp na neman haya. Na kira, muka haɗu, ya kai ni gidan, ya buɗe ɗakin da makulli daga aljihunsa. Ciki da ɗan falo, jaka 22, na ce ko da ƙarin jaka 2 abokina zai yarda. Ya ce mai gidan ya yi tafiya sai jibi, kuma wasu biyu na zuwa gani da yamma, in ina so in ajiye wani abu a riƙe mini. Maganar Kawu ta faɗo mini, amma kwana goma sha huɗu ina yawo a rana da taɓo, kuma makullin da na gani a hannunsa ya kwantar mini da hankali. Na ba shi jaka 10, ya rubuta mini ƴar takarda. Wannan ranar Laraba ce. Jiya wayarsa a kashe, yau ma haka. Na koma gidan, na tarar da mai gidan na ainihi zaune a ƙofa, bai je ko'ina ba. Mutumin tsohon ɗan haya ne da ya tashi bai mayar da makulli ɗaya ba, ɗakin kuma an riga an ba wasu tun makon jiya. Ni ne na uku da ya zo da irin takardar.

Jaka 10 kusan rabin kuɗin akuya ɗaya ce.

Lahadi, 7 ga Satumba

Na faɗa wa Kawu bayan sallar asuba. Bai yi faɗa ba, shirun da ya yi ya fi faɗan nauyi. Can ya ce, "Gobe ka bar masu babur. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ƴan garinmu sun cika Yamai."

Inna na kira da hantsi. Na so in ɓoye mata, ban iya ba. Ta ce Allah ya mayar da alheri, ta tambaya ko ina cin abinci, ko ina kwana cikin sange. Ba ta sake ambatar kuɗin ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Kwana huɗu ke nan ina bin sawun da Kawu ya ɗora ni a kai. Ya kai ni wajen wani mai sayar da hatsi a Katako, ɗan Buza, shi ya tura ni wajen wani mai wanki da guga a hayi, shi kuma ya ce in je wajen mai shayin da ke bakin hanyar Torodi, ɗan Keita, wanda ya shekara goma sha biyar a wurin. Adarawa dai an san mu da bida, ba garin da za ka je ka rasa namu, ni ne ban yi tunanin ƙwanƙwasa wannan ƙofa tun farko ba.

Mai shayin ya tambayi unguwarmu, ya tambayi sunan kakana, ashe ya taɓa sayen albasa hannun Baba. Ya zuba mini shayi da madara ya ƙi karɓar kuɗi. Ya ce akwai wata Hajiya can ciki, inda ƙasa ta fara hawa, malamin makarantar da ke ɗakinta an yi masa canjin wurin aiki, ƙarshen wata zai tashi. Ba ta ba dillalai, ba ta kafa allo, sai wanda aka kawo mata. Ya ce in zo jibi da babbana.

Na ƙirga abin da ya rage: taksi da abincin rana sun ci jaka 24, kuɗin gani jaka 7, ga waccan 10. Saura jaka 119.

Asabar, 13 ga Satumba

Kawu ya sa babbar riga, muka biya wa mai shayin, ya bar ƙanensa a kan tebur ya raka mu. Gidan na ƙasa ne da aka shafe da siminti, tsakar gida a share tas, da bishiyar lemun tsami da famfo a gindinta. Hajiya bafulatana ce, tsohuwa, mijinta ya rasu, tana zaune da jikoki uku da wata ƴar haya mai aikin jinya. Muka durƙusa muka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo, aka kawo fura.

Ba ta fara da maganar kuɗi ba. Ta tambayi Kawu ɗan wa ne ni, me ubana ke yi, wane ne abokin nawa, shin ina salla a masallaci. Sai ta juyo gare ni. "Ɗan Adar, ƙarfe goma sha ɗaya nake kulle ƙofa. Ba fada a ƙofar gidana. Baƙon kwana ɗaya ko biyu ba laifi, amma ku biyu na ba wa, ku biyu nake son gani. Ka iya?" Na ce, "Na iya, Hajiya, in Allah ya yarda. Amma in karatu ya yi nisa za a riƙa sa mu kwana a asibiti." Ta ce wannan ta sani, ga mai jinya nan, tana da makullinta, in lokacin ya zo ni ma za ta ba ni.

Malamin ya buɗe mana ɗakin. Taku biyar ne da huɗu, taga ɗaya tana kallon gabas, ƙofarsa kusa da zaure. Na nemi izini na zaga baya, Hajiya tana kallona. Ba layi a bango. Ta yi murmushi ta ce a 2020 gida uku na danginta daga Lamorde a tsakar gidan nan suka yi wata biyu. Malamin kuma da kansa ya nuna mini kusurwar da ke yoyo in ruwa ya zo da iska daga gabas, ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gara in ji daga bakinsa.

Haya jaka 20. Wuta mita ɗaya ce, amma ana raba ta bisa kayan da kowa ke da shi, kuma takardar kamfanin wuta NIGELEC a fili ake ajiye ta kowa ya gani. Ruwa jaka ɗaya da rabi ga ɗaki. Ta nemi wata uku gaba da wata ɗaya na ajiya, Kawu ya roƙa, ta sauko zuwa biyu da ɗaya. Da muka fito na taka zuwa tsangaya da agogo a hannu, minti 28. Nesa ne idan aka kwatanta da shuɗin ɗakin nan, kuma na san da zafin Afrilu zan ji kowane taku. Ba gada dai tsakanina da aji.

Talata, 16 ga Satumba

Hadari ya haɗo da la'asar, na hau taksi na ƙetara da gangan. Malamin ya bar ni na zauna a ɗakin har aka gama ruwan. Kusurwar ta ɗiga kamar yadda ya ce, cikin kwanon da ya saba tarawa, sauran rufin lafiya. Da aka ɗauke na fito, ruwan lungun duk ya gangara ya bar yashi, ba inda ya kwanta. Na kira abokina daga nan na ce a faɗa wa babansa ya aiko da rabonsa.

Asabar, 20 ga Satumba

Mun biya jaka 60, nawa 30 nasa 30, a hannun Hajiya, a gaban Kawu da mai shayi da limamin lungun. Na ji nauyin cewa a rubuta, kada ta ɗauka rashin yarda ne, sai ga shi ita ta fara cewa jikanta ya kawo littafi. An rubuta hayar, da ranar biya, da cewa kuɗin ajiya zai dawo in mun tashi ba ɓarna, da gyaran rufi: mu za mu yi, ta cire rabin kuɗin daga hayar Disamba. Kofi biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Ta dangwala yatsa, na sa hannu.

Na kai wa mai shayi jaka 5 a matsayin la'ada, ya mayar mini da ita cikin aljihu da hannunsa, ya ce in ina son in ɓata masa rai in sake. Na dawo da yamma da sukari da ganyen shayi, wannan ya karɓa.

Lahadi, 28 ga Satumba

Malamin ya tashi jiya. Yau kafinta ya hau rufi ya sauya ƙusoshi ya liƙe kusurwar da kwalta, ya buga raga a taga, duka jaka 8, ni da abokina huɗu-huɗu. Na wanke daɓe, na toshe ramin ɓera biyu da siminti.

A Katako kuwa ɗan Kawu ne ya yi mini ciniki, ya fi ni sanin bakin kasuwar. Katifa jaka 17. Ƙaramar tukunyar gas ta hannu da kanta jaka 16, rabi nawa. Tukunya, bokiti, buta, tabarma, sange, kwaɗo da randa jaka 11. Na tsaya a kan wata fanka, na taɓa ta na ajiye, sai Fabrairu in Allah ya kai mu. Na sayi sabulu da turmin atamfa mai sauƙi na kai wa matar Kawu, kwana arba'in tana ciyar da ni ba ta taɓa ɓata fuska ba.

Laraba, 1 ga Oktoba

Mun ɗora kayan a kan mai ƙafa uku, jaka 3, muka ƙetare gadar wajen ƙarfe goma, bayan cunkoso ya lafa. Kogin ya ɗan ja baya, jan ya fara wankewa. Kawu ya shiga ɗakin ya yi bisimilla, ya yi addu'a, ya damƙa ni hannun Hajiya, ya ce Juma'a duk bayan masallaci a gidansa zan ci abinci, ba shawara ba ce.

Saura jaka 41 a hannuna. Abokina zai iso ranar Asabar da buhun gero da wake da busasshiyar kuɓewa da Inna ta haɗa. Na shimfiɗa katifata ta ɓangaren yamma na bar masa wajen taga, na jera littattafai a kan bulo biyu da katako, na cika randa. Bayan isha'i ƙaramin jikan Hajiya ya yi sallama da kwanon dambu da zogale, da littafin lissafinsa a hammata, wai Hajiya ta ce in duba masa rabawa. Mun yi guda shida, ya ci huɗu, gobe zai dawo da sauran.